Lemon Tsamin da Ke Cikin Duro

Saminaka, Birnin Gwari
Watan Maris

Zuwa ga Kawu Manasseh,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan muna lafiya. Kaka Angelina ta ce in gaya maka ƙafarta da sauƙi, ko da yake ni da nake ganin yadda take hawa dakali ban gamsu da sauƙin ba.

Wataƙila ba za ka gane ni ba. Ni ce Miriam, 'yar Mirabel ta Sabon Tasha a Kaduna. Kakata ta wajen uwa da mahaifinka, marigayi Baba Lazarus, 'ya'yan wa da ƙani ne. Mama ta ce ka taɓa ɗaukata a wani biki ina jaririya, na jiƙa maka riga. Yanzu ina karatun aikin gona a nan, ina zaune wajen mahaifiyarka. Waya a nan sai ta ga dama take shiga, shi ya sa na ba Obed direba wannan takarda, tun da motarsa na bi ta Mokwa.

Maganar fadama ce ta sa na rubuto. Ka san tun da gonakin cikin daji suka gagari mutane, abin da ya rage wa Kaka da jikokinta biyu shi ne 'yar fadamar nan da ake kira Fadamar Lazarus. To ita ma ta kusa zama juji. Duk ledar da aka yar a kasuwa, ruwan sama ne ke kwaso ta ya jibge a ƙorama. Na tona bakin idon ruwan da hannu, har gwiwar hannuna ta nutse ban daina taɓa leda ba. Bana fangalin da Kaka ta iya shayarwa bai kai rabin na da ba, albasar kuma ta fito kamar kan yatsa.

Mu ɗalibai mun haɗa 'yar ƙungiya, Musulmi da Kirista, ba wanda ya aiko mu. Ni da ƙawata Bushira, 'yar Malam Mu'azu maƙwabcinku, muka fara maganar. Muna so mu riƙa fita gayya ranar Asabar, mu kwashe ledar, mu buɗe idon ruwan, sannan mu shuka abin da zai riƙe gaɓa don ƙasa ta daina zubewa cikin ƙorama. Kaka ta ce ita ba ta da ta cewa. Ta ce kai ne maigida tun rasuwar Baba, sai abin da ka faɗa.

Wata tambaya kuma, ta son jin labari. Mene ne laifin lemon tsamin nan na bayan ɗaki da aka ɗaure shi a cikin rabin duro? Ya ƙi girma, ya ƙi mutuwa, ba ya kuma yin 'ya'ya. Na tambayi Kaka, ta ce in je in duba tukunya kada ta ƙone.

'Yarka,
Miriam

Mokwa
Watan Afrilu

Miriam,

Na sami takardarki, na kuma gode. Muna lafiya, sai zafi da ya sa ƙarfe ba ya taɓuwa a gareji bayan azahar. Antinki tana gaishe ki. Ki gaishe da Mama, ki ce mata na ji labarin ƙafar daga bakin da ba ya ɓoye-ɓoye, ta riƙa shafa maganin da na aiko.

Na tuna ki sarai. Rigar ma na tuna ta, sabuwa ce, ranar na fara sa ta.

Na yi mamakin jin ɗalibai suna neman aikin laka da kansu. Mu a zamaninmu sai da bulala ake kai mu fadama. Kuma a lokacin ba leda, a ganye ake ƙunsa ƙosai, in ka gama ka yar akuya ta ci ta gode maka. Ƙoramar da kike magana, a cikinta na koyi iyo, har ƙananan kifi muke kamawa da kwando. Da kika ce hannunki ya nutse a leda, sai da na ajiye takardar. Abin ya taɓa ni.

Ku yi aikinku. Ku kwashe, ku buɗe, batun gaɓa kuwa ku shuka abin da kuka ga dama, ku ne masu karatun. Ni bakanike ne, in injin ban ruwa ya lalace ku aiko mini da shi. Abin da nake so kawai Mama ta sami abin sawa a tukunya da rani, don abin da nake aikowa ba ya kai wa ƙarshen wata, ita kuma ba za ta taɓa faɗa ba.

Lemon kuma, ni na yanka masa duron da yake ciki yanzu, bayan na farko ya ruɓe. Saboda haka ki zagi lemon in kina so, amma kada ki zagi duron.

Kawunki,
Manasseh

Saminaka
Farkon watan Yuni

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ruwa ya sauka, kowa ya kama shuka. Ƙaramin jikan Kaka ya yi zazzaɓi amma ya tashi, har ya koma satar gyaɗar iri.

Aiki ya ci gaba fiye da yadda muka zata. Asabar ɗin farko mutane suka tsaya a kan hanya suna kallonmu, wani ya ce 'yan boko sun haukace suna tsintar leda kamar za su ci. Da aka yi 'yan makonni, matan unguwa suka fara zuwa da kwanduna, musamman waɗanda leda ta kashe wa awaki. Ranar da idon ruwan ya buɗe, da farko baƙin ruwa ne ya fito mai wari, can sai ya washe. Bushira ta zauna a laka da hijabinta tana dariya. Yanzu ruwan yana gudu har ƙasan fangalin Kaka, inda ta ce rabonsa da zuwa tun kafin a haifi jikokin.

Ledar ba mu ƙona ta ba. Mun ware ta ruwan sha, wato fiya wata, muka wanke, muka yanke baki, muka cika da ƙasa da taki, muka rena iri a ciki. Sauran ledar kuwa, matan coci da na Islamiyya suna tufka igiya da ita. Muna da mangwaro da gwaiba da malmo, duk sun fito, sun yi kyau. Da zarar ruwa ya zauna za mu dasa su jere a gaɓa, tun daga idon ruwa har ƙarshen fadamar. Saiwarsu ce za ta riƙe ƙasar.

Na karanta wa Kaka takardarka. Da na zo inda ka ce mu shuka abin da muka ga dama, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, “Haka ya rubuta da hannunsa?” Na nuna mata wurin, ko da yake ba ta karatu. Da na gaya mata itatuwa ne za mu dasa, ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, “To, tun da maigida ya faɗa.” Na ɗauka kewarka ce ta motsa mata.

Ga wani albishir. Mun yanke shawarar 'yantar da lemon. Za mu fitar da shi daga duro mu dasa shi a bakin idon ruwa, wuri mafi kyau a fadamar, don tunawa da Baba Lazarus. Duronka ba za mu yar ba, Kaka za ta tara ruwa a ciki.

Miriam

Mokwa
Tsakiyar watan Yuni

Miriam,

Lafiyarmu ƙalau, ina fata ku ma haka. Gaisuwar ta tsaya nan, don maganar ba ta jira.

Kada ku dasa itace ko ɗaya a fadamar nan. Na yi ta kiran lambarki, ba ta shiga.

Da na ce ku shuka abin da kuka ga dama, jema nake nufi, ciyawar nan mai doguwar saiwa da muke jerawa a gaɓa tun muna yara. Bai zo mini a rai ba cewa wani zai kai itace wurin, kamar yadda ba zan gargaɗi mutum kada ya zuba ruwa a tankin mai ba. Na manta ke 'yar gidan haya ce a Kaduna, ba ki taso kan gona ba.

Fadamar ba tamu ba ce. Sunan Baba kawai take amsawa. Lokacin da Baba ya zo daga kudu ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, Malam Habibullahi, mahaifin Malam Mu'azu, ya ba shi aronta, har da filin da gidanmu yake kai. Ba takarda, ba shaida sai dattawan da yawancinsu sun rasu. Ƙa'idar aro guda ce, kowa ya san ta. Ka shuka abin da za ka girbe ka tashi, albasa, shinkafa, rake ma ba laifi. Amma ba ka dasa itace, don itace na wanda ya dasa ne, yana kuma daɗewa fiye da mai shi. Wanda ya dasa itace a gonar aro, ya gaya wa gari cewa gonar ta zama tasa.

Kin tambaye ni laifin lemon. Ba shi da laifi. Baba yana son lemon tsami, a garinsu akwai shi a ƙofar kowane gida. Ya so ya ga nasa, amma ko ƙasar tsakar gidansa ba tasa ba ce. Shi ne ya sa shi a duro, ya ɗora duron kan duwatsu don kada saiwa ta leƙo ta taɓa ƙasar mutane. Malam Habibullahi yakan zo ya zauna kusa da shi su yi hira, ya ce, “Lazarus, sauke abin nan ƙasa mana.” Baba ya ce, “Malam, ni da kai mun fahimci juna. 'Ya'yanmu fa?”

Ki bar irin a cikin ledarsu. Ki bar lemon inda yake. Ki gaya wa Mama ban canja komai ba daga abin da Baba ya bari.

Manasseh

Saminaka
Watan Yuli

Kawu,

Ina gaishe ka, da fatan lafiya ce ta sa muka ji ka shiru. Obed bai biyo ba tun watan jiya, an ce hanya ta lalace da ruwa, manyan motoci sun yi layi. Mu muna lafiya. Kaka ba ta cin abinci sosai kwanan nan, ta ce ba komai.

Mun dasa. Da yake ba ka ce komai ba, na ɗauka shawarar ta yi maka. Ranar ta yi kyau, ɗalibai suka cika fadama, aka dafa dafa-duka a bakin ƙorama. Ni da Bushira muka ɗauko lemon a baro. Saiwarsa ta nannaɗe a cikin duron kamar gammo, sai da muka yi ta warware ta a hankali. Kaka ba ta zo ba, ta ce ƙafa.

Sai dai akwai abin da ban gane ba. Malam Mu'azu yana Kuyello ranar, ya je sayen hatsi. Ƙaninsa Audi ya zo wucewa a babur, ya tsaya ya kalli layin itatuwan, ya tambaye ni wa ya ba da izini. Na ce maigidan fadamar, Kawu Manasseh, har a rubuce. Ya ce, “A rubuce ko? Madalla.” Ya tafi.

Tun daga ranar Bushira ba ta fito gayya ba. A makaranta ta gaishe ni sama-sama ta wuce. Mahaifiyarta da take aiko wa Kaka kunun gyaɗa duk Juma'a ta daina. Na rasa laifin da na yi, abin kuma yana damuna, don Bushira ce ƙawar da nake da ita a garin nan.

Lemon ya yi yaushi kwanakin farko, yanzu ya miƙe.

Miriam

Saminaka
Watan Agusta

Kawu,

Muna lafiya a jiki. Ina fata kai ma haka.

Jiya Obed ya kawo takardarka ta watan Yuni. Ta kwana a aljihun motarsa duk tsawon lokacin da suka maƙale a hanya, har ta yi laushi. Na karanta ta a tsaye a ƙofar gida, sannan na shiga na karanta wa Kaka.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, “Ashe bai ce ba.” Na tambaye ta me ya sa ba ta hana mu ba, tun da ta san ƙa'idar. Ta ce ta ɗauka kai ne ka yanke shawarar riƙe fadamar, ka turo yara 'yan boko su dasa maka shaida. Ta ce abin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan, amma ba za ta kunyata ɗanta a gaban baƙi ba. Watau duk kwanakin nan da ba ta cin abinci, kunyar gidan Malam Habibullahi take ji, tana kuma jin haushinka a kan abin da ba ka yi ba.

Na je na sami Bushira. Ita ma ba ta san fadamar ta kakanta ce ba, tun tasowarta Fadamar Lazarus take ji ana cewa. Baffanninta sun yi mata faɗa, sun ce da hannunta ta taya a ƙwace gadon gidansu. Kuma maganar da na gaya wa Audi, cewa ka ba da izini a rubuce, ita ce ta zagaye unguwa.

An kai ƙara wajen mai unguwa. Audi da sauran 'yan'uwansa suna so a karɓe fadamar gaba ɗaya. Ba zan ce mugaye ne ba. Su ma gonakinsu na cikin daji sun fi ƙarfinsu, gidan Audi sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini. Lokacin da fadamar take cike da leda ba wanda ya tuna ta waye. Mu muka wanke ta, ruwa ya dawo, kowa ya tuna.

In aka karɓe, ban san abin da Kaka da yaran za su ci da rani ba. Na zo gidan nan an ba ni ɗaki da abinci, ga abin da na saka da shi. Ina tunanin in je da sassafe in tumɓuke itatuwan duka kafin ranar zama. Ko za ka iya zuwa?

Miriam

Mokwa
Ƙarshen watan Agusta

Miriam,

Mun gode Allah muna lafiya. Wannan karon na ba wani mai ƙaramar mota, na ce ya miƙa hannu da hannu.

Ba zan iya zuwa ba. Maigidan garejin yana kwance asibiti, ni kaɗai ne a kan aiki. Kuma ko da zan iya, zuwana zai ɓata ne. In aka gan ni na sauko daga mota, za a ce mai ƙwacen ya iso da kansa. Mama ta fi ni nauyi a wannan zaure, don da yawa daga masu zaman ta goya su.

Kada ki tumɓuke komai a ɓoye. Wanda ya cire da sassafe, za a ce ya san abin da ya yi tun farko. Abin da aka dasa a gaban mutane, a gaban mutane za a cire shi. Ki tafi da takarduna duka biyu, ki ba mai unguwa a karanta, har da maganar rigar in ya ga dama. Ki faɗi abin da ya faru yadda ya faru, kada ki yi musu da Audi, kada kuma ki kawo musu turancin makaranta.

Ki gaya wa Malam Mu'azu na ce fadamar ta gidansu ce jiya, ta gidansu ce yau. Abin da nake roƙo shi ne a bar wa Mama inda za ta sa albasa.

Ki daina cewa kin saka da sharri. Kin tambaya, na amsa a gajarce, Mama ta yi kara, hanya ta lalace. Ki ci abinci, ki sa Mama ma ta ci.

Manasseh

Saminaka
Watan Satumba

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Kaka ta koma cin tuwonta har da neman ƙari. An yi zaman, ga yadda ta kasance.

Zauren mai unguwa ya cika. Audi ya fara magana. Ya ce, “Ubanmu aro ya bayar, bai sayar ba. Yau itace, gobe katanga, jibi a ce mana mu kawo takarda. Mu da ƙasar ubanmu muna sayen albasa a kasuwa.” Aka karanta takardunka. Da aka zo maganar Baba da duro, wasu dattawa suka gyaɗa kai, ɗaya ya ce shi ma ya sha zama kusa da duron nan.

Aka ce Kaka ta yi magana. Ta ce, “Mijina bai taɓa cewa tasa ce ba. Ni ban ce ba. Ɗana ma ashe bai ce ba. Yara ne suka ga ƙasa tana zubewa.” Ta koma ta zauna.

Mai unguwa ya ce magana ta fito, ba ƙwace aka yi niyya ba, amma itace na wanda ya dasa ne, don haka dole a cire. Na nemi izini na ce in aka cire, gaɓar za ta ci gaba da zubewa, idon ruwan ya sake toshewa, kowa ya rasa. Audi ya ce ba a tambaye ni ba. Sai Malam Mu'azu ya ce, “To a cire a miƙo mini. Ni zan mayar da su da hannuna.”

Batun ƙasa kuwa, an raba. Ɓangaren sama, mai idon ruwa, ya koma gidan Malam Habibullahi, Audi zai noma. An bar wa Kaka ɓangaren ƙasa, aro kamar da, da sharaɗin ba za a tare mata ruwa ba. Rabin ya tafi, Kawu, kuma rabin da ya fi kyau. Na lissafa a raina, da ruwan da ke zuwa yanzu, abin da ya rage zai ba ta fiye da abin da duka fadamar ta ba ta bara. Na gaya mata haka. Ta ce ta sani, amma a ɓangaren sama ne Baba yake ajiye fartanyarsa.

Asabar aka fita, mai unguwa da shaidu suna tsaye. Ni nake haƙa in ɗago kowane dashe da ƙasarsa, in miƙa wa Malam Mu'azu, shi kuma ya mayar da shi cikin ramin da na ciro shi, ya danne da ƙafa. Haka muka bi layin nan, itace bayan itace. Wani mai wucewa ya tambaya me ake yi, aka ce masa ana dashe. Bushira ce take bin mu da bokiti tana ba su ruwa, ba wanda ya hana ta.

Da muka iso lemon, Malam Mu'azu ya tsaya. Ya ce, “Mama, wannan na san shi. Na Baba Lazarus ne. A mayar miki da shi duro?”

Kaka ta matso da sandarta ta duba shi. Ya yi sabon ganye ko'ina, irin wanda ban taɓa gani a jikinsa ba. Ta ce, “Ya ɗanɗana ƙasa, ba zai koma ba.” Ta ce in ɗago. Na ɗago na ba ta, ita ta miƙa masa da hannunta. Ta ce, “Karɓi, Mu'azu. Ka riƙa ba shi ruwa da yamma, ba ya son na rana.”

Ya karɓa ya dasa. Ni ce na yi kuka, ita ba ta yi ba. A hanyar gida ta ce in tuna mata ta jiƙa irin albasa.

Ƙungiyarmu za ta koma wata ƙorama a hanyar Randagi bayan damina. Wannan karon mun fara da tambayar ta waye, kuma jema muke renawa.

'Yarka,
Miriam

Mokwa
Watan Oktoba na shekara mai bi

Miriam,

Ina gaishe ki, ina kuma taya ki murnar gama jarrabawa. Muna lafiya. Antinki ta ce albasar da Mama ta aiko da rani ta fi ta kasuwar nan, ta kuma yi mana wata biyu. Na ji daɗin jin cewa Audi bai taɓa tare ruwa ba, har yana taya Mama gyaran fangali. Ki gaishe shi, ki gaishe da Bushira.

Shekaranjiya Obed ya tsaya a gareji ya miƙo mini ƙunshi, a cikin 'yar jakar igiyar leda irin wadda matanku suke tufkawa. Ya ce daga Malam Mu'azu ne, ya ce a gaya mini lemonsa ya yi 'ya'yan fari, ga nawa rabon. Na buɗe. Ƙanana ne, kore shar, ƙamshinsu ya danne warin baƙin mai.

Na zauna a kan taya na daɗe ina juya ɗaya a hannu. Baba ya yi shekaru yana ba itacen nan ruwa da kofi, bai taɓa ganin ko fure a jikinsa ba. Sai da ya bar hannunmu ya haihu, ni kuma aka aiko mini kyauta daga itacen ubana, na kuma gode, don kyautar ce. Ba na jin haushin kowa. Amma abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ashe a can ƙasan raina na daɗe ina ganin wata rana zan ajiye sifana in bar gareji in koma in zauna a ɓangaren saman nan.

Na yanka ɗaya na sha. Tsami ne da shi sosai, yaran gareji suna ta dariyar fuskata. Ki gaya wa Malam Mu'azu saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Ki gaya wa Mama na sha.

'Ya'yan cikin ban yar ba, na shanya su a kan takarda. Filin da nake zaune a nan ma na aro ne, don haka jiya bayan an tashi aiki na yanka duro.

Kawunki,
Manasseh